Kuɗin Fansa: Tsakanin Ran Ɗanka da Ran Ɗan Maƙwabci

Wata ranar Laraba, an sallame sallar isha'i ke nan a masallacin unguwarmu, liman bai ma juyo ba, sai wani dattijo ya miƙe daga sahu na biyu. Baƙo ne, da ganin rigarsa ka san daga ƙauye ya taso. Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu, ya yi sallama, sannan ya ce an shigo garinsu da dare an tafi da matar ɗansa da jikarsa, yau kwana 19. Da farko an nemi naira miliyan 30, aka yi ta magiya har aka sauko miliyan 7 da babura 2. Ya sayar da gonarsa ta bakin rafi da shanun huɗa, ya haɗa miliyan 4. Bai yi kuka ba. Yadda yake lissafo kuɗin ma, sai ka ce cinikin hatsi yake ba da labari. Ladan ya karɓi hular ya bi sahu da ita, kowa ya sa abin da ya samu. Ni ma na sa.

Muna neman takalma a ƙofa, maƙwabcina, malamin sakandare ne da ya kusa ritaya, ya riƙo hannuna ya ce a hankali: "Malam, ka san dai harsashi muka saya musu yanzu ko?" Na ce masa ai na ga lokacin da ya tura hannu aljihu, kuma abin da ya sa ya fi nawa. Ya ce, "Shi ne abin da ke damuna."

Tun daga ranar nake juya maganar. Mutumin ya yi gaskiya da bakinsa, ya kuma yi gaskiya da hannunsa, ga shi kuwa baki da hannun sun saɓa. Irin wannan tsaka mai wuyar ita ce asalin abin da masu ilimin falsafa ke kira matsalar ɗa'a: ba zaɓi tsakanin alheri da sharri ba, wannan kowa ya iya shi, sai dai wurin da alheri biyu suka yi karo, dole ka taka ɗaya kafin ka kai ga ɗayan. Mu kuwa a Arewa ba a littafi muke karanta ta ba. Daga Ƙanƙara a Disambar 2020, inda aka kwashe ɗalibai sama da 300, zuwa Jangebe a Fabrairun 2021 da 'yan mata 279, zuwa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris 2022, zuwa Kuriga a Maris 2024, waɗannan su ne suka shiga labaran duniya. Waɗanda ba su shiga ba, mutum biyu nan, biyar can, a ƙauyukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato da tsallaken iyaka a yankin Maraɗi, su ne mafi yawa. A ƙarshen 2024 hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta fitar da wani rahoto da ya kiyasta cewa an biya naira tiriliyan 2.23 na fansa cikin shekara guda. An yi ta gardama a kan adadin, amma ko kashi ɗaya cikin goma ne gaskiya, ya isa a kira abin kasuwa.

Kuma kasuwar ce hujjar maƙwabcina. Mu ba ta haƙƙinta, don ba ƙaramar hujja ba ce. Garkuwa da mutane sana'a ce da ba ta rayuwa sai da mai biya. Ɓarawon shanu yana iya kora dabbobin ya sayar ko mai su ya yarda ko bai yarda ba. Mai garkuwa kuwa, mutumin da ya ɗaure a daji ba shi da wani amfani a wurinsa, ciyarwa ma yake ci masa, sai fa idan akwai wani a gida da zai sayar da gona. Saboda haka kowane kuɗin da aka kai daji saƙo ne cewa harkar tana ci. Da shi ake sayen bindiga da man fetur da ƙwaya, da shi ake biyan infoma a cikin gari, shi ne kuma yake jan hankalin matashin da ke kallon sa'ansa ya dawo da sabon babur. Wani Bature ɗan Ingila, Jeremy Bentham, wanda ya rasu a 1832, shi ya fi shahara da ra'ayin cewa ana auna kyan aiki ne da sakamakonsa: a tara jin daɗin da ya haifar, a tara wahalar da ya jawo, a kan kowa da kowa ba a kan na kusa da kai kaɗai ba, sai a ga wanne ya rinjaya. In aka bi wannan ma'auni, dattijon nan ya ceto rai 2, amma kuɗinsa na iya zama jarin da za a ɗauke mutum 10 da shi a damina mai zuwa. Lissafi bai goyi bayansa ba.

Tarihi ma yana da abin cewa a nan. A shekarar 991 sarkin Ingila ya biya mahara 'yan ƙasashen arewacin Turai fam 10,000 na azurfa don su tafi su bar shi. Suka tafi, suka dawo. A 1002 aka biya 24,000, a 1012 aka biya 48,000. Kura ta ga hanyar turke. A 1973 kuma, da aka sace jikan attajirin man fetur Paul Getty a birnin Rum, kakan ya ƙi biya, yana cewa yana da jikoki 14, in ya ba da ko kwabo to ya jawo a sace masa duka 14. Mutane suka ce rowa ce, kuma da rowar a ciki, amma lissafinsa irin na Bentham ne sak. Sai da aka yanke kunnen yaron aka aika wa wata jarida sannan aka biya. A gida kuma, Nasir El-Rufa'i lokacin yana gwamnan Kaduna ya tsaya kai da fata cewa gwamnatinsa ba za ta biya ba, har ya ce ko ɗansa aka ɗauka ba zai biya ba.

Akwai wani abin da ya ƙara wa wannan hujja nauyi, wanda wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Thomas Schelling, ya yi rubutu a kai a 1968. Ya lura cewa mutane kan zubar da dukiya don ceton ran da suka san sunansa da fuskarsa, amma su yi ƙoro a kan rayukan da adadi ne kawai a takarda. Jikar dattijon nan muna da labarinta, mun ga kakanta, mun ji muryarsa. Yarinyar da za a ɗauke a watan gobe da harsashin da muka saya, ba wanda ya san ko wace ce, ita kanta tana can tana tallan gyaɗa ba ta sani ba. Ba ta da kakan da zai miƙe a masallaci a madadinta yau. Wanda ya ce kada a biya, in har da gaske yake ba don kare aljihunsa ba, lauyan wannan yarinyar ne. Shi ya sa ba na yarda a riƙa kiran duk mai wannan ra'ayi marar imani.

To amma me ya sa hannun maƙwabcina ya ƙi bin bakinsa?

Ina ganin don zuciyarsa ta gane wani abu da lissafin ya tsallake. In muka ce wa dattijon ya haƙura ya bar jikarsa a daji domin 'yan bindiga su koyi darasi, mun mayar da yarinyar allon da ake rubuta wa wasu karatu a kai. Immanuel Kant, wani malamin falsafa na Jamus, ya kafa ƙa'ida a 1785 cewa ba a mayar da ɗan Adam kayan aiki zalla don cimma wata manufa, komai kyan manufar. Abin sha'awa shi ne Kant ɗin nan yana da wata ƙa'idar da ke ja ta ɗaya ɓangaren: kafin ka aikata abu, tambayi kanka ko za ka so kowa ya yi haka. In kowa ya biya, harkar ta ɗore har abada. In kowa ya ƙi, ta mutu. Matsalar dai ita ce dattijon ba "kowa" ba ne. Mutum ɗaya ne, kuma ƙin biyansa shi kaɗai ba zai kashe kasuwar ba. Jikarsa zai kashe, a koma kan maƙwabcinsa wanda zai biya.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga waɗannan Turawa tono wannan rami da ƙarnoni, kuma a ganina ya fi su kusantar ruwa. A littafinsa na usulul fiƙihu, Al-Mustasfa, ya kawo misalin abokan gaba da suka jera fursunonin Musulmi a gabansu kamar garkuwa. In aka harba za a kashe marasa laifi, in aka ƙi harbi za a ci ƙasar da yaƙi a kashe kowa har da fursunonin. Ya ce ana iya sadaukar da kaɗan saboda masu yawa, amma da sharaɗi uku: maslahar ta kasance ta larura, ta kasance tabbatacciya ba zato ba, ta kuma game al'umma baki ɗaya. Sai ya kawo misalin jirgin ruwa da ya yi nauyi, aka ce a jefa mutum ɗaya a teku don sauran su tsira, ya ce wannan bai halatta ba, domin mutanen jirgi ƙidayayyu ne, ba al'umma ce gaba ɗaya ba. Wato yawan adadi shi kaɗai bai isa ya halatta jinin mutum ba.

Ɗora maganar fansa a kan wannan sikeli. Larura akwai. Gamewa ma a ce akwai. Tabbas fa? Mutuwar wanda ke hannu, in aka ƙi biya, ta fi kusa da tabbas fiye da amfanin da ake hange. A Afrilun 2021 aka ɗauke ɗaliban jami'ar Greenfield a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, a jihar da gwamnati ta ce ba biya. Aka kashe 5 daga cikinsu, sauran ba su fito ba sai da iyaye suka haɗa miliyoyi. Satar mutane kuwa ba ta tsaya a Kaduna ba. A Tegina ta jihar Neja, yaran Islamiyya sama da 100, wasu ba su fi shekara biyar ba, sun yi kusan wata 3 a daji, wasu a can suka rasu, iyayensu talakawa suna ta sayar da abin da suka mallaka. Ana neman uba ya ba da abin da ke hannunsa, tsuntsu guda da ya tabbata, saboda alkawarin tsuntsayen da ke sama.

Malaman fiƙihunmu ba baƙi ba ne a wannan fage, domin kame da fansa sun daɗe a duniya, har a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. Hadisin da Buhari ya ruwaito ya haɗa abu uku: a kwance kamamme, a ciyar da mai yunwa, a gaida marar lafiya. An kuma ruwaito daga Imamu Malik cewa wajibi ne mutane su fanshi kamammunsu ko da abin zai cinye dukiyarsu duka. Amma wurin da ya fi ɗaukar hankalina yana cikin Muhtasar na Shaihu Halil, littafin nan na ƙarni na 14 da har gobe ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato. Ya jera wanda fansa ta hau kansa daki-daki: a fara da dukiyar baitulmali, in babu sai dukiyar jama'ar Musulmi, sannan a ƙarshe dukiyar shi kamammen. Dubi yadda muka juya jerin, kai ya koma ƙafa. Yau iyalin wanda aka kama su ne na farko, masallaci na biyu, hukuma kuwa ta uku, ita ma da sanarwar cewa tana bakin ƙoƙarinta. Hikimar jerin Halil a fili take: wanda aka ɗora wa tsaron mutane, shi ya kamata ya fara jin zafin gazawar tsaron a aljihunsa.

A wannan babin dai, Halil ya ce game da yin fansa da dawaki da kayan yaƙi akwai zance biyu. Ibnul Ƙasim ya hana, domin ƙarfafa abokin gaba ne. Ashhabu ya halatta. Almajiran Malik ne su biyun, malami ɗaya suka zauna gabansa, suka kuma rabu a daidai inda bakin maƙwabcina ya rabu da hannunsa. Dokin wancan zamani shi ne babur ɗin yau. Duk wanda ya taɓa shiga cinikin fansa ya san ba kuɗi kawai ake nema ba: a haɗo da babur sabo a kwali, da katin waya, da buhun shinkafa, wani lokaci har da taba da maganin mura. Naira dai tana iya tafiya ga cin abinci ko aure, amma babur aikinsa ɗaya ne a daji. Wanda ya kai shi ya san inda za a hau shi a je. Cewa manyan malamai sun bar mas'alar a zance biyu, ba su yanke ba, ni ban ɗauke shi a matsayin gazawa ba. Sun ga nauyin kowane ɓangare ne, suka ƙi yi wa ɗaya ƙarya.

Wani zai ce waɗancan hukunce-hukuncen na fursunan yaƙi ne, 'yan bindigar yau kuwa 'yan fashi ne, babinsu daban. Haka ne, kuma ƙa'idojin fiƙihu ma kansu sun yi karo a nan. Ɗaya ta ce larura tana halatta abin da aka hana. Wata ta ce ana jure cutar da ta keɓanci mutum don a tunkuɗe cutar da ta game jama'a. Alƙur'ani ya ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne, a sura ɗaya kuma, Ma'ida, ya ce kada ku taimaki juna a kan saɓo da ƙetare iyaka. Kowane ɓangare yana da ayar da zai jawo. Abin da ya warware mini ƙullin, ko in ce ya sassauta shi, wata ƙa'ida ce ta uku: idan wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi suka haɗu, hukunci yana kan mai hannun. Tsakanin kuɗin dattijo da yarinyar da za a sace a watan gobe akwai wani mutum baligi mai hankali, wanda ya zaɓi ya ɗauki bindiga. Lissafin Bentham yana share wannan mutumin, yana ɗaukarsa kamar ambaliya ko fari, abin da ke faruwa da kansa, sai a juyo ana tuhumar wanda aka zalunta. Malamai sun daɗe da cewa wanda ya ba da kuɗi don ya tunkuɗe zalunci daga kansa, bayan ba shi da wata hanya, zunubin na mai karɓa ne. Ammar ɗan Yasir ma da aka azabtar har ya furta kalmar kafirci, aya ce ta sauka ta wanke shi. In an yi wa wanda aka tilasta uzuri a kan wannan, ina ga gona da shanun huɗa.

Shi ya sa abin da Majalisar Dattawan Najeriya ta yi a Afrilun 2022 ya tsaya mini a wuya. Ta amince da gyaran dokar ta'addanci da ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa. An bar jaki ana dukan taiki. Kant ɗin nan, duk da tsananinsa, ya yi magana a 1797 a kan wani tsohon misali na mutum biyu da jirginsu ya nutse suka kama katako guda wanda ba zai ɗauki biyu ba, ɗaya ya ture ɗaya. Ya ce aikin ba mai kyau ba ne, amma doka ba ta da yadda za ta hukunta shi, don barazanar hukuncin da ba tabbas ba za ta rinjayi tsoron mutuwar da ke gaban ido ba. Uwar da aka kira ta a waya aka sa ɗanta yana ihu tana ji, shekara 15 a gidan yari ba abin tsoro ba ce a wurinta. Ka ce mata 50 ma za ta sa hannu. Dokar da ba za ta hana ba, abu ɗaya take iya yi: ta sa iyalai su daina kai rahoto, su yi cinikinsu a ɓoye, jami'an tsaro su rasa ɗan bayanin da suke samu. Kolombiya ta gwada irin wannan doka a 1993, a shekarar kuma kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce ba za a hukunta wanda ya biya don ceton rai cikin larura ba.

Masu goyon bayan hani kan kawo Italiya, kuma suna da gaskiya rabi. A 1991 ƙasar ta yi dokar da ke rufe asusun iyalan wanda aka sace don kada su biya, satar mutane kuma ta ragu sosai a shekarun da suka biyo baya. Rabin da ba a faɗa shi ne hukumar da ta rufe asusun ita ce ta shiga duwatsu tana farauta, tana kamawa, alƙalai suna ɗaurewa. Ta ce wa uba kada ka biya, ni zan je. Haƙƙin hana mutum ceton ɗansa ba kyauta ake samunsa ba, sayensa ake yi da alkawarin da ake cikawa. Hukumar da ba ta zo ba lokacin da aka yi awa uku ana harbi a ƙauye, ba ta da bakin da za ta ce wa mutanen ƙauyen sun karya doka. Mun ga dabaru dai: haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa tun ƙarshen 2020, rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021, canjin kuɗin da ya jefa mutane cikin wahala a farkon 2023, wanda aka ce har da daƙile fansa a cikin dalilansa. Har yanzu da waya ake kira a yi ciniki, sau ashirin sau talatin, kuma a buhu ake kai kuɗin.

Kada a fahimce ni da cewa abin da ya halatta ga uba ya halatta ga gwamnati. A nan ne ma ake cakuɗa tambaya biyu da ya kamata a raba. Uba ɗansa aka ba shi amana. Gwamna kuwa amanarsa ta haɗa da yarinyar nan mai tallan gyaɗa da ba a sace ba tukuna, don haka dole lissafin Bentham ya fi nauyi a teburinsa. Ga shi kuma aljihun gwamnati ba shi da ƙasa a idon ɗan bindiga: ranar da aka gane ana biya in an kwashi 'yan makaranta, ranar makarantun kwana suka zama gonaki. Jerin Halil ya sa baitulmali a gaba, amma baitulmalin da yake magana a kai na hukumar da ke da rundunar da za ta hana a sake ne. Biyan da ba farauta a bayansa haraji ne kawai, irin na sarkin Ingila, irin kuma wanda manoma a wasu yankunan Zamfara da Katsina ke biya yanzu kafin a bar su su yi shuka, su sake biya kafin girbi.

Mu masu sa kuɗi a hula fa? Mu ne muka fi zama tsakiya, ba mu da uzurin uba, ba mu da ikon gwamna. Ni dai ina sa wa, zan kuma ci gaba. Amma akwai bambanci tsakanin hular ladan da gidauniyar da ake buɗewa a Facebook da WhatsApp, da hoto da lambar asusu da sanarwar yau an kai miliyan kaza. Na daji ma suna da waya. A Janairun 2024, lokacin da aka ɗauke wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a yankin Bwari na Abuja, an yi irin wannan karo-karo a bainar jama'a har gwamnati ta fito tana gargaɗi a kai. Niyyar masu yi kyakkyawa ce, amma duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwa ya san abin da ke faruwa in mai kaya ya hango kaurin aljihunka. Ƙa'idar larura tana da wutsiya da ake yawan mantawa: ana auna ta gwargwadonta. A ba da abin da zai fito da mutum, ba tare da an ɗaga farashin na gaba ba.

Sannan akwai waɗanda ba larura ko ɗaya a kansu, kuma su ne ba a cika tattauna su ba in ana wannan muhawara: infoman da ya nuna gidan, dillalin da ke shiga tsakani yana yankar kasonsa, mai kai fetur a jarka, mai sayar da babur ɗin da ya san inda za shi har ya ƙara kuɗi saboda ya san dole a saya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk ƙarfin da ake kashewa wajen tuhumar lamirin uba, waɗannan ne ya kamata ya koma kansu.

Duk da haka ban ce maƙwabcina ya daina damuwa ba, kuma ban so ya daina. Wani malamin falsafa ɗan Ingila, Bernard Williams, ya yi nuni da cewa akwai zaɓin da ko ka yi daidai sai ya bar maka tabo, kuma mutumin da bai ji tabon ba akwai abin da ya rasa. Direban da yaro ya faɗo gaban motarsa ba laifinsa ba ne, amma in ya sauko yana cewa ai ni ba ruwana, za mu ƙyamace shi. Halas daban, tsarki daban. Kuɗin da muka sa a hular nan halas ne, kuma wani ɓangarensa ya zama harsashi. Wanda ya goge ɗaya daga cikin biyun don ya samu barci, ko dai zai zama mai wa'azin haƙuri da 'ya'yan wasu, ko ya saba da biyan har ya daina ganinsa a matsayin abin kunya ga ƙasa.

Bayan kusan wata guda ladan ya sanar cewa an sako matar da yarinyar, aka yi hamdala. Daga baya wani ɗan garinsu da ke sayar da itace a bakin kasuwa ya ba ni ƙarashen labarin. An kai miliyan 5 da rabi da babur ɗaya. Ƙanen mijin ne ya kai, aka riƙe shi kwana 6 sai da aka ciko babur na biyu. Dattijon yanzu ƙodago yake yi, kuma a cikin gonakin da yake yi wa noma har da tasa ta bakin rafi. Na gaya wa maƙwabcina muna zaune a dakalin ƙofar gidansa. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko na san wane iri ne baburan.